Kwasar Adashe Ta Zo Kaina: Bodi, Lens ko Filasha?

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto, ga inda aka kwana. Kwasar adashe ta zo kaina a wannan watan, kuma tun ranar zubin farko na yi wa kaina alkawari cewa kuɗin na kayan hoto ne, ba na gyaran babur ba, ba na ankon biki ba. Ba zan rubuta adadinsu ba, don tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya daina zama wuri ɗaya. Farashin da na faɗa yau, kafin ku isa shago ya zama tsohon labari. Ku dai ɗauka haka: kuɗin za su sayi ƙaramar sabuwar bodi guda, wato gangar jikin kyamara, su ƙare ƙaf, ko kuma su sayi ƙananan kaya uku zuwa huɗu har a ga canji.

Abin da nake aiki da shi Canon 600D ce, wadda ta fito tun 2011, na saye ta ta hannu tare da lens ɗin da ake haɗo ta da shi, 18-55mm. Batir ɗaya, memori ɗaya, sai jaka mai zif ɗin da ke cijewa. Zuciya kuwa Canon R50 take so, marar madubin nan da ta fito a 2023, mai megafiksel 24, wadda ke kama idon mutum da kanta ta riƙe shi ko yana tafiya. Wanda ya taɓa bin amarya da ɗigon saiti tara na 600D, wato wuraren da kyamarar ke kama abu ya fito da kaifi, waɗanda na tsakiyan ne kaɗai ake iya dogara da shi in haske ya yi ƙasa, ya san dalilin da ya sa wannan ke ɗaukar hankali.

Akwai wani dattijo mai situdiyo a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim da wanki a ɗaki mai duhu. Na kai masa maganar. Bai ko dubi hoton kyamarar da na nuna masa a waya ba.

"Ɗana, kafin ka kai wa 'yan kasuwa kuɗinka, je ka kwaso mini hotunan da ka ji kunyar bai wa masu su."

"Baba, ai waɗannan ɓoye su na yi."

"Su nake so. Masu kyau ba su da abin da za su gaya maka."

To, wannan aikin shi ne ya raba gardama, kuma ina so kowa ya yi shi kafin ya taɓa aljihu. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi: nisan zum, buɗin lens (lambar f, wadda in ta ƙaru ƙofar haske ke tsukewa), saurin shota, da ISO (yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, amma in ta yi yawa sai ya yi yashi-yashi). A kwamfuta za ka gani, a jikin kyamarar ma in ka danna INFO za ka gani. Na ware waɗanda suka lalace gefe guda na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na waje kusan babu laifi. Marinar Ƙofar Mata da hantsi, baba na ɗiga daga hannun marini, garin Kano daga saman Dala da yamma, duk sun fito ras. Ɓarnar tana cikin ɗaki: sa lalle, kamu, suna, da lungunan Kasuwar Kurmi inda rumfa ta tare rana. Kuma bayanin kusan iri ɗaya ne a kansu duka: zum a 55mm, buɗi f/5.6, shota 1/15 ko 1/30, ISO ta haura 3200. Fuska dishi-dishi, hannun mai guɗa ya zama hayaƙi, inuwa cike da yashi-yashi.

Wato haske ne bai isa ba. Shi wannan lens ɗin, a 18mm yana buɗewa zuwa f/3.5, amma kana jawo zum yana tsukewa, har ya kai f/5.6 a ƙarshe, daidai inda muke son sa don hoton fuska. Yana da abin rage girgiza, IS, sai dai wannan rawar hannunka yake gyarawa, ba ya hana yaro juya kai ko uwar amarya ɗaga mayafi.

Da na koma kan R50 da wannan idon, sai lissafin ya sauya. Lens ɗin da ake haɗo ta da shi, 18-45mm, daga f/4.5 yake farawa ya ƙare a f/6.3. Ya fi nawa tsohon rowar haske ke nan. Gaskiya sansarta, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta fi jure ISO mai yawa, wannan ba a musu, amma kuɗina kaf za su tafi ne in sake tsayawa a ɗakin amarya da ƙaramar ƙofar haske. Sannan ga ɓoyayyen kashe kuɗi: in ina son tsohon lens ya hau kanta sai da adafta, batirinta LP-E17 ne ba LP-E8 irin nawa ba, kuma mazaunin filasha da ke samanta sabon samfuri ne, tsofaffin filasha ba sa aiki a kai sai da wata adaftar daban. Batun megafiksel kuwa ban ma tsaya a kansa ba. 18 ɗin da nake da su suna ba da hoto 5184 a 3456, wanda ya ishi bugun da za a sa a firem a rataye a falo, balle wanda za a tura ta WhatsApp a matse shi.

Wani aboki ya ce in nemi Canon 6D ta hannu, mai babbar sansa, tun da ta 2012 ce ta yi sauƙi. Kyamara ce ta kirki a duhu. Amma lens ɗin EF-S irin nawa, wanda aka yi don ƙaramar sansa, ba ya hawa kanta sam, sai in zama mai bodi babu ido. Na ajiye wannan.

Saura lens da filasha, kuma a nan na fi daɗewa ina juyawa.

Duk wanda ka tambaya zai ce maka 50mm f/1.8, kuma suna da hujja. Daga f/5.6 zuwa f/2 haske ninki takwas ne, a f/1.8 ya kusa ninki goma. Hoton da ke buƙatar 1/15 a da, yanzu zai ɗauku a 1/125 ba tare da ka taɓa ISO ba, kuma 1/125 ya ishi mutumin da ke zaune yana magana. Ga bayan hoto da ke narkewa, tarin kujerun roba da igiyar shanya su daina gasa da fuskar mutum. Amma abin da ba a cika faɗa ba: sansar 600D ƙarama ce, ana ninka tsawon lens da 1.6, don haka 50mm yana gani ne kamar 80mm a babbar kyamara. Kafin in saya sai na yi wata dabara da ba ta ci ko kwabo ba. Na tsayar da zum ɗina a 50, na naɗe shi da salatif don kada hannu ya yi abin da ya saba, na yi ta yawo da shi haka na ɗan kwana biyu. A tsakar gida da bakin titi daɗi. A ɗaki kuwa, musamman ɗakin amarya da gado da kabet da jere suka cinye rabinsa, sai ka ja baya har ƙeyarka ta bugi bango, mutum biyu ne kawai suka shiga. Hoton dangi ba ya yiwuwa. Ko da akwai fili ma, a f/1.8 in mutane suka yi sahu biyu, na gaba ne za su fito, na baya su dushe. Hoton taro f/5.6 ko f/8 yake so, ka ga an dawo gidan jiya.

Na duba 24mm f/2.8, ɗan falalen nan, wanda faɗinsa ya dace da ɗaki. Sai dai a 24mm lens ɗina yana kusan f/4, ribar ninki biyu ce kawai. Akwai 17-50mm f/2.8 na Sigma da na Tamron, waɗanda buɗinsu ba ya tsukewa duk inda ka kai zum, kuma da kuɗin sun fi haka da shi zan fara. Amma shi kaɗai zai lashe mafi yawan abin da ke hannuna, ga shi a ɗakin da aka ɗauke wuta f/2.8 ma ba ta tsinana komai.

Saboda haka filasha ta zo ta farko. Ba ƙaramar da ke tashi a saman kyamara ba, wadda ke dukan goshi ya yi ƙyalli, hoda ta fito fari fat, duwatsun leshi su yi ta walƙiya, inuwa baƙa ta manne a bango. Ina nufin mai kan da ke juyawa, a harba ta sama haske ya bugi silin ya sauko a baje. Gidajenmu da yawa farin silin ne ko farin fenti, kuma ba shi da tsawo, abin da ake so ke nan. Baba ya ara mini tasa na gwada a falonmu: f/5.6, 1/125, ISO 400, kai a sama an ɗan karkata shi baya. Ƙanena yana sanye da farar shadda, kuma a karon farko na ga aikin wuyan riga ya fito zare-zare, fuskarsa kuma ba ta nutse ba. Wanda ya saba ɗaukar baƙin mutum cikin fararen kaya ya san wuyar haɗa waɗannan biyun a hoto guda. Da tsohon lens ɗin nan da na raina fa.

Ba ko'ina take ci ba. Zauren da rufinsa azara ce, ko ɗakin taro mai dogon rufi da aka yi wa ado da jan yadi ko shuɗi, ko kanofi mai launi, hasken ko dai ya ɓace ko ya dawo da launin yadin a fuskar mutane. A irin nan sai a juya ta ga farin bango, ko a ɗaura mata farin kati. Kuma ku tuna shotar 600D ba ta wuce 1/200 da filasha a yadda aka saba.

Tsakanin Godox V860 mai batir irin nata da TT685 mai cin ƙananan batir AA huɗu, na ɗauki ta biyun. Ta farkon ta fi saurin shiryawa tsakanin harbi da harbi, ta fi daɗewa. Amma in biki ya kai ka ƙauye caji ya ƙare, AA ko a teburin mai shayi da kayan masarufi za ka iya samu. Na haɗa da masu caji saiti biyu. Gargaɗi ga masu Canon 4000D da 250D: an cire musu babban ɗigon ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, don haka filasha masu arha da suka dogara da shi ba sa tashi a kansu. Ku je da kyamararku shago, a ɗora a harba a gabanku.

Bayan filasha kuɗin 50mm sun rage, na kuwa saye shi, don hoton mutum ɗaya da lungun kasuwa inda harba filasha a fuskar mai sana'a rashin ladabi ne. Na nemi samfurin STM na 2015 mai gindin ƙarfe, ba tsohon mai gindin roba ba. Ya fi shiru, kuma yana kama abu tun daga santimita 35. Na hannu ne. Na cire murfi biyun, na haska tocilar waya ta baya na leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, a garin nan babu lens ɗin da hunturu bai yi wa rajista ba. Abin gudu shi ne fumfuna, mai kama da zaren gizo-gizo a cikin gilashi, da hazo, da lotsewa a bakin da ke nuna ya taɓa faɗuwa. Na farkon da aka miƙo mini yana da fumfuna a gefe, mai shagon yana cewa ba ta fitowa a hoto. Yau ba ta fitowa, amma damina na zuwa. Na ce a kawo wani. Ba shi da IS, don haka ba na sauka ƙasa da 1/100 da shi, kuma na fi barin sa a f/2.2 ko f/2.8, inda ya fi kaifi kuma idanu biyun ke fitowa tare.

Ragowar ta tafi a abubuwan da ba wanda ke yi wa hoto ya nuna wa abokai: batir na biyu, memori 32GB guda biyu maimakon babba ɗaya, tun da ramin kati ɗaya ne a kyamarar kuma in ya lalace biki guda ya tafi, sai 'yar robar hura iska don ƙura, da ƙullin silika a jaka saboda laima. Kowane kati yana ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba, sama da dubu. Kati na jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka ranar da na saya na cika kowanne taf da fayil a kwamfuta na sake buɗe su, kafin in yarda in sa masa hoton kowa.

Dogon lens, 55-250mm, shi ne wanda na bari da ciwo a rai. Duk mai son hoto a ƙasar Hausa yana mafarkin mahayi cikin lifidi ya cika hoto a hawan sallah, kuma da 55mm daga bayan cunkoso sai dai ka ɗauko ƙeyar jama'a. Amma hawa 'yan kwanaki ne a shekara, ɗaki kuwa kowane mako ne. Mun yi magana da wani abokin koyo mai irinsa: ranar hawa in ba zai fita ba zan karɓa, shi kuma in yana da suna ya ɗauki filashata.

Aikin da ke gabana yanzu shi ne in daina barin filashar tana yanke wa kanta ƙarfi. A TTL, wato tsarin da ake auna mata haske kai tsaye ba da hannu ba, farar riga tana ruɗa ta ta rage haske, baƙar abaya ta sa ta ƙara. Ina koyon sa ta da hannu, daga 1/4 na ƙarfinta in hau ko in sauka, kuma ina rubuta abin da ya yi daidai a kowane irin ɗaki a bayan littafi. Akwai sunan 'yar maƙwabcinmu ranar Asabar, ɗakin mai jego kuma shuɗin fenti ne har silin, don haka na yanki farin kwali na ɗaura wa kan filashar da roba.