Abin da aikin taimakon shari'a ya koya mini game da masu larurar ƙwaƙwalwa da rabon dukiya bayan saki

Mafi yawan haƙƙin da mai larurar ƙwaƙwalwa yake rasawa bayan mutuwar aure yana salwanta ne tun kafin magana ta kai gaban alƙali, a zaman sulhun da dangi suke shiryawa cikin gaggawa domin a rufa asiri. A irin wannan zama ne ake miƙa wa macen da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa takarda ta sa hannu cewa ta yafe sauran sadakinta, ko ta bar filin da ta zuba kuɗin adashinta a cikinsa, alhali ba ta barci, ba ta cin abinci, kuma babu abin da take so sai a ƙyale ta.

Na daɗe ina mamakin yadda muke mantawa da cewa shari'ar da kotunanmu suke aiki da ita ta riga ta yi tanadi a kan wannan. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi bashi mai rauni ne ko ba zai iya faɗar abin da za a rubuta ba, waliyyinsa ya faɗa da adalci. A fiƙihun Malikiyya, sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, haka nan macen da ba a sakar mata ragamar dukiyarta ba, idan ta fanshi kanta da kuɗi ba tare da izinin waliyyi ba, auren ya rabu amma a mayar mata da kuɗinta. Idan kuwa aka yi jayayya a kan kayan gida babu shaidu, abin da aka san na mata ne a al'ada yana komawa ga matar bayan ta yi rantsuwa, kuma a nan ne larurar take yin illa, domin rantsuwa tana buƙatar cikakken hankali. Saboda haka roƙon farko da nake yi wa kotu shi ne a ɗage zama har likita ya tabbatar da cewa ta samu sauƙi, a kuma lissafa kayan ɗaki a rubuce a gaban shaidu kafin wani abu ya yi ƙafa.

Akwai kuma cutarwa ta ɓangare na biyu, wadda ta fi wuyar ganewa saboda tana zuwa ne da rigar tausayi. Da zarar an ji mutum ya taɓa kwanciya a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, sai a daina tambayarsa komai, wani yaya ko kawu ya zama bakinsa, ko da kuwa yana shan magani kuma ya san dukiyarsa sarai. Larura tana tashi tana kwantawa, kuma wanda ba zai iya bin lissafin hannun jari ba yana iya sanin cewa ba ya son a sayar da gonarsa. Nakan ce wa mahaifi, "Baba, a yi haƙuri a bari mu ji daga bakinta tukuna." Ban taɓa amincewa da wakilin da shi kansa yake da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai ba, komai kusancinsa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuma ta haramta nuna wa masu larurar wariya, sai dai kaɗan ne daga cikin iyalan da nake gani suka san da ita. Masu auren rajista kuwa suna ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda sashe na 72 nata ya ba kotu ikon raba dukiya bisa adalci, amma alƙalai sukan nemi hujjar gudummawar da mutum ya bayar, kuma rasit da takardun banki su ne abin da mara lafiya ya fi saurin ɓatarwa. Shi ya sa nake shawartar dangi su tattara waɗannan takardu tun ranar da aka kai shi asibiti, su nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta Najeriya da ke jiharsu, sannan duk kuɗin da aka karɓo a ajiye shi a asusu mai sunansa, ana rubuta abin da aka cira domin magani da abinci.