Wi-Fi na kyauta da kokawar kamfanonin waya

Duk inda ka ga an manna "Wi-Fi kyauta", a filin jirgin sama ne ko tashar jirgin ƙasa ko otal, akwai wanda ya zauna ya buga lissafi ya ga ba ka intanet ɗin ya fi masa riba a kan hana ka. Sau da yawa mai lissafin nan shi ne kamfanin da ya sayar maka da layi. Mutane na ɗaukar Wi-Fi a matsayin kishiyar kamfanonin waya, tunda duk abin da ka sauke ta kansa kuɗin data ne da bai shiga aljihunsu ba. A zahiri kuwa sun daɗe da mayar da shi makamin da suke yaƙar junansu da shi.

Tushen maganar yana cikin iska. Kamfanin waya sai ya biya gwamnati maƙudan kuɗi kafin a ba shi lasisin zangon mitar rediyo da zai watsa sabis a kai, kuma zangon yana da iyaka: abin da ƙarfen sabis ɗaya zai iya ɗauka shi ake raba wa duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Wi-Fi kuwa yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4 da gigahaz 5, waɗanda kowa zai iya hawa ba tare da lasisi ba. Don haka idan taro ya yi taro a wuri guda, ya fi wa kamfani sauƙi ya ja igiyar faiba ya rataya rautoci goma, wato na'urorin da ke watsa Wi-Fi, a jikin silin, ya kwashe masu kallon bidiyo ya zuba su can, a kan ya nemi fili da izini ya kafa sabon ƙarfe.

Kamfanin AT&T na Amurka ya koyi wannan darasi da wuri. A 2007 shi kaɗai ke da izinin sayar da iPhone a ƙasar, masu wayar kuma suka dinga jan data fiye da yadda aka tsara. A 2008 ya karɓe Wi-Fi ɗin shagunan Starbucks daga hannun T-Mobile, a ƙarshen shekarar kuma ya saye kamfanin Wayport, mai kula da Wi-Fi a otal-otal da rassan McDonald's, a kan dala miliyan 275. A 2010 ya daina sayar wa sababbin kwastomomi data mara iyaka. Ka haɗa biyun ka gani: an tsuke maka data, an kuma shimfiɗa maka inda za ka sauka.

A Faransa abin ya ɗauki wani salo. Kamfanin Free ya shigo kasuwar layukan waya a watan Janairun 2012 da farashin da ya girgiza tsofaffin 'yan kasuwar: Yuro 19.99 a wata, da wani ƙaramin tsari na Yuro 2. Ƙarafan sabis ɗinsa ba su da yawa a lokacin, yana hawa kan na Orange yana biya. Amma yana da rautoci a gidajen miliyoyin mutanen da yake ba intanet na gida, sai ya buɗe wata ƙofa ta daban a jikin rautocin, wayoyin kwastomominsa suna shiga da kansu ta hanyar katin SIM. Irin wannan dabarar kamfanonin talabijin na igiya suka bi a Amurka: Xfinity Mobile a 2017 da Spectrum Mobile a 2018 sun yi hayar sabis daga Verizon, suna tura wayoyi kan Wi-Fi ɗinsu duk inda ya samu, don kuɗin hayar ya ragu.

Indiya ce ta nuna ɗaya fuskar. A Janairun 2016 Google da RailTel, kamfanin sadarwa na jiragen ƙasan Indiya, suka fara sa Wi-Fi kyauta a tashoshin jirgin ƙasa, daga tashar Mumbai Central, har suka kai tasha 400. A Satumban wannan shekarar sabon kamfanin waya mai suna Jio ya fito ya raba data kyauta na tsawon watanni, sauran kamfanoni suka karya farashi dole. A 2020 Google ya janye daga shirin, ɗaya daga cikin dalilan da ya bayar shi ne data ta yi araha. Wato darajar Wi-Fi na jama'a tana hawa da sauka ne da farashin data. Inda gasa ta yi zafi, ba mai tsayawa cike fom don ya samu intanet na minti talatin.

To, me ya sa Wi-Fi na jama'a ke yawan ba da haushi?

Abu na farko, sandunan da kake gani a saman waya ƙarfin siginar da ke tsakaninka da rauta kawai suke nunawa. Ba su san komai game da igiyar da ke kawo intanet cikin ginin ba. Idan igiyar na ɗaukar megabit 100 a sakan, mutum 50 kuma suna ja a lokaci guda, rabon kowa megabit 2 ne. Bidiyo mai tsabta yana son kusan megabit 5. Sanduna cike, bidiyo na tsayawa.

Na biyu, Wi-Fi magana ce ta bi da bi. A kan tasha ɗaya na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, sauran su saurara har ta gama. Wayar da ke can nesa, ko tsohuwar waya, tana magana ne a hankali, sai ta cinye lokacin kowa. Mutum ɗaya a ƙarshen zaure zai iya rage wa na kusa da rauta gudu. A zangon 2.4 abin ya fi muni, domin tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a zangon suke. Zangon 5 ya fi fili da gudu, sai dai bango na cin ƙarfinsa da sauri. Idan wuri ya ba da suna biyu, ɗaya da alamar 5 a ƙarshe, kuma kana kusa, ɗauki wannan. (Wannan 5 ɗin ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya. Ruɗanin sunan ya ɓatar da mutane da yawa.) A 2020 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe zangon gigahaz 6 ga Wi-Fi, faɗin megahaz 1,200, bayan kamfanonin waya sun so a ware musu wani ɓangare a sayar da lasisi. Wasu ƙasashen wani ɓangare na zangon kawai suka buɗe. Sai wayar da ke da Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7 ce za ta amfana.

Ga mai son auna sigina da lamba, manhajojin duba Wi-Fi suna nuna ta da dBm. Kusan -50 sigina ce mai kyau ƙwarai, -67 ita ce iyakar da masu girka Wi-Fi ke nema don kiran murya ya tafi daidai, daga -80 kuwa sai wahala.

Akwai matsala ta uku da masu wurin kansu ba su cika ganewa ba. Kowace waya sai rauta ta ba ta adireshi kafin ta yi komai, ƙananan rautoci kuma adireshi 254 ne iyakar rumbunsu a saitin da suke zuwa da shi, wasu ma ƙasa da haka. Idan an saita kowane adireshi ya zauna hannun waya na awa 24, a wurin da ɗaruruwan mutane ke wucewa, kafin rana ta raba rumbun ya ƙare. Wayarka za ta tsaya tana cewa tana neman adireshi har ka gaji. Gyaran na hannun mai rauta: ya rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu, ya faɗaɗa rumbun.

Sai shafin ƙofa, wanda ke tare ka ya ce ka amince da sharuɗɗa ko ka sa lambar waya. Yadda yake fitowa abin sani ne. Da zarar waya ta haɗu, takan aika ɗan gwaji zuwa wani adireshi da ta sani. iPhone na tuntuɓar captive.apple.com, Android kuma na tuntuɓar wani adireshin Google yana jiran amsa mai lamba 204. Idan wata amsa daban ta dawo, wayar ta gane an tare hanya, sai ta buɗo shafin. Idan shafin ya ƙi fitowa, yawanci ɗayan abu biyu ne ya hana: VPN (manhajar da ke ɓoye zirga-zirgar bayananka) a kunne, ko DNS na sirri (saitin nemo adireshin shafuka) da ka saita da hannu a Android. Kashe su, buɗe burauza, rubuta captive.apple.com ko neverssl.com, shafin zai bayyana. Bayan ka shiga sai ka mayar da VPN ɗin. Idan duk da haka ya ƙi, sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin, ka sake haɗawa.

Lambar wayar da imel ɗin da ka rubuta a shafin nan su ne kuɗin da ka biya. Da can masu wurin na bin sawun waya ta lambar MAC, lambar shaidar da waya ke nuna wa Wi-Fi, wadda ba ta canzawa. Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙirar lambar bogi daban ga kowane Wi-Fi. Bar wannan saitin a kunne.

Batun tsaro an yi masa ƙarin gishiri, amma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. A 2010 wata ƙaramar manhaja mai suna Firesheep ta nuna cewa duk wanda ke zaune kan buɗaɗɗen Wi-Fi ɗaya da kai zai iya shiga Facebook ɗinka da dannawa ɗaya, domin a lokacin shafuka ba sa kulle zirga-zirgar bayanai bayan an shiga. Yau kusan duk manyan shafuka da manhajojin banki suna amfani da HTTPS, tsarin da ke kulle bayanai tsakaninka da shafi, mai leƙe ba ya ganin abin da ka rubuta, sai dai ya iya sanin sunan shafin da ka ziyarta. Haɗarin da ya rage shi ne tagwayen bogi. Buɗaɗɗen Wi-Fi ba shi da wata shaida sai sunansa. Kowa zai iya kunna na'ura ya sa mata sunan Wi-Fi ɗin otal, wayar da ta taɓa shiga mai wannan suna kuma ta faɗa da kanta. Daga nan sai a nuna maka shafin ƙofa na ƙarya mai neman kalmar sirrin imel ɗinka ko lambar katin banki. Shafin ƙofa na gaskiya ba ruwansa da kalmar sirrin imel. Haka nan duk Wi-Fi ɗin da ya ce sai ka girka wata takardar shaida ko manhaja kafin ka shiga, fita. Idan burauza ta yi gargaɗin cewa shaidar shafi ba ta inganta ba, kada ka danna ci gaba.

Kalmar sirrin da aka rubuta a bango kowa na gani ba ta ƙara wani tsaro mai yawa a tsarin kulle Wi-Fi na WPA2, domin wanda ya san ta kuma ya kama lokacin da wayarka ke haɗuwa zai iya warware abin da ke tsakaninka da rauta. WPA3, wanda ya fito a 2018, ya toshe wannan ɓarakar.

Wi-Fi ɗin da kamfanin layi ke sa wayarka ta shiga da kanta ya fi duk waɗannan aminci, idan an gina shi a kan Passpoint, tsarin da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara tantancewa a 2012. A nan katin SIM ɗinka ne ke gabatar da kai, da mabuɗin da ke cikinsa, wayar ma tana tabbatar da cewa Wi-Fi ɗin na gaskiya ne kafin ta yarda. Babu shafin ƙofa, babu kalmar sirri, kuma hanyar a kulle take. Jami'o'i na da makamancinsa mai suna eduroam: ɗalibi ya saita sau ɗaya a makarantarsa, ya shiga a dubban makarantu a faɗin duniya. Aibin na kamfanonin waya ɗaya ne, kuma a ganina babba ne: an tsara shi don sauƙaƙa wa kamfani nauyi, ba lallai don ya fi maka gudu ba. Wayarka na iya barin 4G mai kyau ta maƙale a Wi-Fi mai rauni saboda kawai ka gifta ta gefensa. Idan intanet ya tsaya cak kana tafiya a titi, duba saman allon kafin ka zargi layin. Shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kashe haɗuwa ta kai tsaye.

Akasin haka ma na faruwa. Tun iOS 9 a 2015 iPhone na da Wi-Fi Assist, mai komawa kan data a ɓoye idan Wi-Fi ya yi rauni, wayoyin Android da dama ma suna da irinsa da sunaye daban-daban. Yana da amfani ga mai data da yawa. Ga mai ƙididdigar megabait kuwa, ka tuna bidiyo mai jan megabit 5 a sakan yana cin gigabait 2.25 a awa ɗaya. Haka kuma idan ka haɗa wayarka da data ɗin wata waya, ita wayar taka Wi-Fi take gani, tana iya sakin jiki ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya. A Android ka saita wannan haɗin a matsayin mai awo, a iPhone ka kunna yanayin tsimin data a kansa.

Kiran waya ta Wi-Fi shi ne wurin da kamfanoni suka fi cin moriyar rautar wani. Wayar na haƙa rami mai kulle daga duk Wi-Fi ɗin da take kai zuwa cibiyar kamfanin, kiran ya fita da lambarka ta kullum. Da haka kamfanin da sabis ɗinsa ba ya ratsa bangon gini ya rufe gibinsa ba tare da ya kafa ƙarfe ba. Ramin na bi ta ƙofofin UDP 500 da 4500, shi ya sa a Wi-Fi ɗin da aka toshe waɗannan ƙofofi za ka ga intanet na aiki amma kiran ya ƙi. Kamfanoni da dama na cajin irin wannan kira kamar kana gida ko da kana ƙasar waje, wasu kuma ba su yarda ya yi aiki a waje ba sam, don haka a duba sharuɗɗan layi kafin tafiya.

Wanda ke son kwatanta kamfanoni biyu kada ya sa yawan wuraren Wi-Fi da suke tallatawa a kan sikeli, sai ya ga taswirar inda suke. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a kashe Wi-Fi gaba ɗaya, a auna gudun kowane layi a wuraren da mutum ya fi zama, da safe da kuma bayan faɗuwar rana lokacin da kowa ke kan waya, kwana uku ko huɗu a jere. Wayar da ke ɗaukar layi biyu, ko mai eSIM, ta sauƙaƙa wannan: layi ɗaya na kira, ɗayan na data, kuma a sauya na datan duk lokacin da awon ya nuna wani ya fi.