Kurar Dattijo da kukan Auta

Asabar. Unguwa ta cika da kabewa da ƙwarangwal na roba, kowa na shirin Halloween, bikin daren 31 ga Oktoba da yara ke bin gidaje karɓar alewa, ana tsorata juna don wasa.

Ko shayi ban gama ba Dattijo maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Lasifikokin da ya kafa a ƙofar gidansa don tsorata masu zuwa sun ƙi haɗa baki. In ya saki kukan mujiya, ta bakin ƙofa ta fara, ta gindin bishiya sai ta biyo baya kamar mai amshi. Na ce masa halin Bluetooth ke nan, jinkirinsa kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma kowace lasifika da nata. Igiyar waya ce maganin abin. Muka bi ƙarƙashin ciyawa da ita har gareji, na jona wa ƙaramar kwamfutarsa, Raspberry Pi, katin sauti na USB mai tashoshi 8, kowace lasifika ta samu tasharta. A Audacity, manhajar gyaran sauti, na rarraba sautin takun ƙafa, ya taso daga hagu, ya bi ta shinge, ya tsaya daidai ƙeyar mai tafiya. Na'urar gano motsin da ke kunna sautukan kuma na kawar mata da fuska daga titi, don duk motar da ta gifta sai ta tayar da ita.

Shi so yake a ƙure murya, komai ya tashi lokaci guda. Na ce ƙara ba ta tsorata mutum, kunne kawai take cikawa. Abin da ke sa tsigar jiki tashi shi ne ƙaramin motsi daga inda ba ka duba ba, sannan tsit. Da ya gwada da kansa ya yarda.

Har nan lafiya lau, ina ta jin daɗin aikina.

Bayan la'asar Uwargida ta aiko Auta da abinci. Tana taka hanyar, kukan kura ya taso ta bayanta. Yarinyar nan ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ƙamewa ta yi, kwanon na rawa a hannunta, miya na zuba a kan takalminta. Sai da na ɗauke ta kukan ya fito.

Na ce, "Baba, a sa maɓalli kusa da kujerarka. In ka hango ƙanana ka danna, kura ta yi shiru, a bar musu mujiya."

Ya ce, "Ai tsoron suke zuwa nema, ɗana."

"Manyan ne ke nemansa. Ƙananan alewa ce ta kawo su."

Ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru yana wannan abin ba wanda ya mutu. Maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin kirki ne, ya ba Auta haƙuri har da durƙusawa, amma bai ga abin da na gani a idonta ba. Yara nawa irinta za su bi hanyar nan cikin duhu?

Uwargida ta ce me ya kai ni bikin da ba ma yi. Na tuna mata wanda ke kwashe mana dusar ƙanƙara duk hunturu.

Auta ta ƙi kwana ita kaɗai. Maɓallin da guntuwar waya suna cikin jakata, gobe bayan azahar zan koma masa da maganar. In ya ƙi, zan cire kurar daga jerin, ya nemi mai mayar masa.