Wasiƙa daga Nashville: ɗan sojan gona a cikin makaɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lafiya lau nake, sai sanyi, da maganar takardun zama wadda zan zo kanta. Tun da na aiko da hoton mutumin nan rungume da wani abu mai kama da gurmi, ba a bar ni na huta ba: wane ne, me kuma yake kaɗawa?

Abin sunansa banjo, mutumin kuma Béla Fleck, haifaffen New York a 1958. Ya tashi ne a kiɗan bluegrass, na mutanen karkarar Kentucky da Tennessee, wanda ya samo suna daga Blue Grass Boys, ƙungiyar makaɗi Bill Monroe. Babu ganga a ciki, tsirkiya ce zalla, kowa ya yi nasa ya ba na kusa. Salon kaɗa banjo da yatsu uku Earl Scruggs ne ya fito da shi fili bayan ya shiga ƙungiyar a 1945. Fleck ya gaje shi, amma bai tsaya nan ba. A 2001 ya fitar da faifan da ya kaɗa kiɗan su Bach da Chopin, manyan masu tsara kiɗan Turai na da, da wannan banjon na ƙauye. A 2011 kuma, a nan garin, ya gabatar da dogon kiɗan da ya tsara wa banjo da cikakkiyar rundunar makaɗa, ya raɗa masa The Impostor, wato ɗan sojan gona. Ka ji mutumin da ya san yadda ake kallonsa.

To na je na gan shi da idona, kuma a nan na sha kunya. Masu goge manya da ƙanana sun yi sahu cikin baƙaƙen kaya, kowa da takarda a gabansa, wani tsaye yana juya 'yar sanda. Ɗaki cike maƙil, amma ko tari sai mutum ya haɗiye. Ba guɗa, ba kirari, balle liƙi. Fleck ya yi wani gudu da yatsunsa har tsigar jikina ta tashi, kiɗa ya ɗan tsaya, ni kuwa na ɓarke da tafi. Ni kaɗai. Wata dattijuwa ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Ashe irin wannan kiɗan kashi-kashi ne, ba a tafi sai an kai ƙarshe. Don Allah wane irin gwani ne za a bari ya yi wannan aiki ba wanda ya ce masa sannu? A dandalin bluegrass ihu ake yi masa nan take, shi ya sa wasu tsofaffin masoyansa suka fi son Fleck na da. Rabin zuciyata na tare da su. Sauran rabin na cewa ai bai jefar da banjon ya ɗauki goge ba, da kayansa ya shiga.

A 2005 ma Fleck ya bi sawun banjo har Gambiya da Mali, da Uganda da Tanzaniya, domin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne tushensa. Idonku bai yi ƙarya ba idan kun ga kamarsa da gurmi. Da ni mai gurmi ne, da ban jingine shi don fiyanon situdiyo ba.

Takardu kuwa, an ce in ci gaba da jira. A gaida su Inna, a kuma sako mini yaji idan an samu mai tahowa.