Hannun gajimare ya kama hanya

'Yan uwa, yau dai na yi hannun gajimare, wani motsi na taici (motsa jikin ƙasar Sin da ake yi a hankali), daga farko har ƙarshe ban dafa kujera ba. Ba zan ɓoye muku ba, bakina har kunne.

Shi ne na 10 a jerin motsi 24 na taici salon Yang, wanda aka taƙaita a Beijing a 1956, kuma shi ya tsare ni fiye da duk na gabansa. Tsarin da na zana wa kaina na motsi ɗaya kowane mako tuni ya wargaje. Na tsallake takun baya na 6, na koma na 2, na sake dawowa, yanzu ko ni ban san matakin da nake ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Takun gajimare zuwa hagu yake tafiya, ni kuwa ɓarin hagu ne ya shanye min. Fitar da ƙafar hagu ba wuya, tunda nauyi na kan dama. Jawo ta daman ta matso shi ne aiki, domin a wannan ɗan lokacin hagu ce ke ɗauke da jiki ita kaɗai. Da zarar na ɗora mata nauyi sai gwiwa ta kulle ta baya, ƙugu ya zame waje, kafaɗa ta ɗage, yatsun hannu su dunƙule kamar na riƙe wani abu. In na ce bari in gyara hannu, ƙafa ta kafe a ƙasa. In na kula da ƙafa, in manta wane hannu ne a sama. Akwai ranar da takaici ya sa na zauna na yi shiru, ko ruwa ban iya sha ba.

Likitar gashin ƙashi, mai koya min motsa jiki, ita ce ta fahimtar da ni cewa ba ƙarfin ƙafa kaɗai ba ne. Bayan shanyewar ɓarin jiki, takun da a da ake yi ba tunani yanzu sai an sa masa hankali, to in aka haɗa shi da wani aikin, ɗaya zai sha kashi.

Sai na raba su. Hannu na mayar da shi kan kujera, ina zaune. Kada wani ya raina wannan: binciken da mujallar Stroke ta buga a 2022, kan mutum 160 a ƙasar Sin, ya nuna taici na zaune na mako 12 ya inganta aikin hannu da daidaiton zama. Ƙafa kuma na yi ta ita kaɗai, riƙe da bayan kujera, taku ƙanana. Na bar gwiwar hagu a ɗan lanƙwashe tana kallon babban yatsa, na zuba mata nauyi a hankali ina fitar da numfashi. Ta dama ba na ɗaga ta, diddige kawai nake ɗagawa in jawo yatsu a ƙasa.

Amma abin da ya warware komai ƙugu ne. Na daina tura hannuwa. Ƙugu nake juyawa, su bi shi, nauyi ma ya bi shi. Ayyuka uku suka koma ɗaya, kai ya samu sarari. Hannun hagu har yanzu iyakarsa ƙirji, ba ya kai fuska, da'irarsa ƙarama, kuma a ganina hakan ya fi a tilasta masa kafaɗa ta yi ciwo.

Takalmi ya ci min kuɗi, wallahi. Robar da ke riƙe min idon sawu ta ƙi shiga mai siririn tafin da na saya, dole na ƙara sayen mai faɗi.

Ta ɓangaren tunani, yanzu ina riƙe jerin har na 10 ba sai na kalli takarda ba, amma wani ya yi min magana a tsakiya, shi ke nan na ɓace. Shurin diddige na 13 ba zan taɓa shi ba tukuna, zan dangwala diddige a ƙasa in wuce. Ku da dama ce ta shanye muku, a fitar da ƙafar hagu kuke kafewa?