Abin da malaman jami'a suka ce min kan ƙidaya

Lokacin da ake ta shirin ƙidayar 2023 ɗin nan da aka zo aka ɗage, ƙungiyarmu ta ɗora min aikin zagaya malaman jami'a a nan Kano, 'yan jogarafi da masu nazarin zamantakewa, in ji me suke so a saka a fom. Ni duk a zatona rigimar addini da ƙabila za a sha tunda a 2006 ba a tambayi ko ɗaya ba.

Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Duk ofis ɗin da na shiga kukan ɗaya ne, a ƙara tambaya ko a rage ba shi ya dame su ba, wanda aka riga aka tambaya ina yake? Alƙaluman 2006 da aka fitar a ƙaramar hukuma suka tsaya, an ce Kano mutum miliyan 9.4, ga na ƙananan hukumomi 44, shikenan. Mazaɓa babu, unguwa babu. Wani dattijon malami ya janyo min wata tsohuwar fotokwafi daga durowa, gefenta duk ya cinye, an yi ta ja mata layi da jan biro, wai ta ƙidayar 1991 ce, ita ce mai garuruwa da unguwanni, kuma har yau da ita ɗalibansa suke lissafi, a ɗauki adadin wancan lokacin a yi ta ninkawa da kaso kaza a shekara. To don Allah wajen su Danbare da Rijiyar Zaki da gonaki suka koma gidaje, wane lissafi ne zai kamo su? Wallahi abin nan har yanzu yana ci min rai, yaro zai rubuta firojet kan asibitin unguwarsu da adadin da ya girme shi.

Wata malama ta ce ita ta haƙura ta koma kan bayanan NDHS, wato binciken al'umma da lafiya na ƙasa, ka yi rajista a intanet ka faɗi binciken da za ka yi su ba ka ɗanyen bayanin kyauta, sai dai samfuri ne, wasu gidaje kawai ake zaɓa a tambaya, a matakin jiha yake aiki ba unguwa ba.

In an tura ka irin wannan aiki kar ka fara da maganar fom, fara tambayarsu wane adadi suke amfani da shi yanzu kuma ina suka samo shi. Sannan ka guji lokacin makin jarabawa, ko kallonka ba za su yi ba. Rahoton da na miƙa kusan rabinsa maganar a saki alƙaluman mazaɓa ce, shugabanmu ma sai da ya ce ai ba wannan ya aike ni ba.