Sakarin da 'yan'uwansa ba maganin ƙiba ba ne

Daga Ngaundere zuwa Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, zaƙi yana bin mu duk inda muka juya: shayi mai kauri da safe, folere (wato zoborodo) mai sanyi idan rana ta take, kunu kuma da maraice. Da ciwon suga da hawan jini suka yawaita a gidajenmu, sai mutane da dama, musamman iyaye mata masu son rage jiki, suka koma ga 'yan ƙwayoyin zaƙin nan da ake sayarwa a farmasi da kuma lemon gwangwani da aka rubuta babu sukari a cikinsa, suna ganin sun rabu da damuwa.

Waɗannan sinadarai ba baƙi ba ne. An gano sakarin tun 1879 a Amurka, zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300, na asfatam ya ninka sau 200, na sukuralos kuwa sau 600. Ɗan ƙiris ya isa, shi ya sa ba sa ƙara wa jiki komai da zai zama kitse.

A lissafi, wanda ya bar sukari ya koma gare su ya kamata ya rame, amma abin da aka gani a jikin mutane bai bi lissafin ba. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba, domin ɗan nauyin da ake saukewa a watannin farko ba ya ɗorewa, kuma an lura cewa masu shansu shekara da shekaru sun fi fuskantar ciwon suga da ciwon zuciya. Adalci shi ne a faɗi cewa hukumar ba ta ce su ne musabbabin ba, tun da sau da yawa wanda jikinsa ya riga ya yi nauyi shi ne yake neman su. Shawarar kuma ba ta shafi masu ciwon suga ba, waɗanda ya kamata su tsaya ga abin da likitansu ya faɗa.

A ganina, dalilin a fili yake. Harshen da ya saba da zaƙi ba ya daina nemansa don an sauya masa sinadari, kuma mutumin da ya sha shayi ba sukari yakan ji ya sami lasisin ƙara ƙosai uku ko malmalar tuwo ta biyu. Abin da aka rage a kofi sai ya dawo ta kwano.

Batun ciwon daji ya fi tayar da hankalin jama'a, alhali shi ne mafi raunin hujja. A Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa asfatam cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, amma kwamitin masana kan sinadaran da ake sa wa abinci bai taɓa iyakar shansa da aka sa ba, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 sai ya shanye lemon gwangwani 9 zuwa 14 a yini kafin ya ƙetare ta.

Abin da ya fi damuna yana bakin makarantu da tashoshin mota. Idan sukari ya yi tsada, wasu masu dama folere da ƙanƙarar leda sukan barbaɗa sakarin da ka, ba ma'auni, ba rubutu a jikin leda. Mai lura zai gane shi da ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro bayan an haɗiye. Iyakar sakarin miligiram 5 ce kacal ga kowane kilo a rana, don haka yaro mai kilo 20 ya fi babba saurin kai wa gare ta, ga shi kuma yara ne suka fi sayen waɗannan ledoji a lokacin zafi.

Ga mai son rage jiki, hukumar ta ce sukarin yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, idan ya sauka zuwa 6 ma ya fi. Mai zuba cokali huɗu a shayi zai iya komawa uku na ɗan lokaci, daga nan biyu, folere kuwa a dafa shi a gida da citta da kanumfari, a ɗanɗana kafin a kai hannu ga sukari.